Kwaminiti kwaleji, shirin gada, ko jami'a kai tsaye: abin da na gani a kan yaranmu a Amurka

Duk shekara in Maris ya kama zuwa Afrilu, bayan an idar da sallar Juma'a a nan Bronx ba ka rasa wani uba da zai ja ka gefe ya zaro waya ya ce Alhaji don Allah duba min saƙon nan da aka turo wa yaron nan, wai sun ɗauke shi ne ko ba su ɗauke shi ba? Kuma ba laifinsa bane wallahi, don wasiƙar da fara'a take farawa, sai ka kai tsakiya ka ga ana cewa yaro zai fara yin shekara ɗaya a wata ƙaramar kwaleji tukunna, in ya cika sharaɗi sannan ya tsallako jami'ar. Uba ya riga ya kira gida ya ce ɗansa ya samu jami'a, yanzu kuma ga wata magana. Ni na bi ta hanyar nan da 'yata ta fari, na kuma ga ta ɗan yayana da ke wata jiha a kudu, ga yaran maƙwabta 'yan Gana da 'yan Nijar da muke tare, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda abin yake ko wani zai huta da ruɗewar da muka yi.

Da farko dai a gane lissafin. Digiri a nan kiredit 120 ne galibi (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kowane kwas), shekara huɗu. Kwaminiti kwaleji kuma makarantar gwamnati ce ta shekara biyu da ke karɓar kusan duk wanda ya gama sakandare, tana ba da ƙaramin digiri na kiredit 60, wato rabin hanya kenan in komai ya tafi daidai. Wanda ya yi karatu a Najeriya ya tuna IJMB ko mai NCE da difloma da ke shiga aji biyu na jami'a kai tsaye, toh kusan haka abin yake, sai dai a nan aji uku ake fatan shiga ba aji biyu ba, kuma kwas-kwas ake ƙirgawa ba takardar gaba ɗaya ba. Wannan ƙirgen kwas ɗaya-ɗaya shi ne inda duk rigimar take, zan dawo kansa.

Hanyoyin uku ne. Akwai shirin gada na gayyata, wanda jami'a ce da kanta ke cewa ba mu da gurbinka bana amma je ka waccan kwalejin mun ajiye maka wuri. Akwai shiga kwaminiti kwaleji da ƙafarka ka bi yarjejeniyar da ke tsakaninta da jami'o'in jihar. Sai kuma shiga jami'a tun ranar farko. Mutanenmu suna haɗa ta farko da ta biyu su ce ai duk ɗaya ne, alhali ba ɗaya bane ko kaɗan, musamman a aljihu.

Bari in fara da ta gayyata tunda ita ce ta fi ruɗa iyaye. Misalin da ya fi shahara shi ne na jami'ar Clemson a jihar South Carolina, sunan shirin Bridge to Clemson, tun 2006 ake yi tare da Tri-County Technical College da ke garin Pendleton dab da jami'ar. Ba ka neman shirin da kanka, Clemson ɗin ka nema sai su suka ga ka kusa amma ba ka kai ba suka miƙo maka gayyata. Yaro zai yi shekarar farko yana ɗaukar darasi a Tri-County amma yana kwana a gidajen ɗalibai tare da sauran 'yan shirin, yana shiga laburaren jami'ar da sauran harkokinta, in ya haɗa kiredit 30 masu tsallakawa da matsakaicin maki, wato GPA, na 2.5 shi kenan sai ya zama cikakken ɗan Clemson a shekara ta biyu. A Texas kuma akwai Blinn TEAM tun 2001, tsakanin jami'ar Texas A&M da Blinn College, shi wannan ɗan bambancinsa shi ne yaro yana ɗaukar wasu darussan a cikin A&M ɗin tun daga simestar farko, mafi yawa kuma a Blinn, wato ƙafa ɗaya can ƙafa ɗaya nan.

Ɗan yayana irin wannan ya samu a wata jami'ar da ba zan kira suna ba. Na je na kai masa ziyara a watan Oktoba na shekararsa ta farko, na same shi sanye da rigar jami'ar, ga katin shaida guda biyu a wuya, ɗaya na kwaleji ɗaya na jami'a, ƙarfe bakwai da rabi na safe yana tsaye yana jiran motar da ke kwasarsu zuwa kwalejin. Na ce masa ya kake ji? Ya ce Kawu ajin namu mu ashirin da wani abu ne kuma malamar lissafi ta san sunana, abokina da ke cikin jami'ar su ɗari biyu da wani abu ne a ɗaki ɗaya ko tambaya ba ya iya yi. Wannan ya burge ni. Amma da daddare da muka zauna cin abinci sai ya faɗa min ɗaya gefen, ya ce abin da ke ci masa rai shi ne in an haɗu da sababbin mutane aka ce wane aji kake ɗauka wurin wane malami, sai ya rasa amsa, yana jin kamar baƙo ne da aka bari ya zauna a zaure. Kuma kullum lissafin GPA ne a kansa, don jarrabawa ɗaya in ta lalace a simestar farko to ta biyun gaba ɗaya a tsorace zai yi ta. Ya tsallaka Alhamdulillahi, amma cikin waɗanda suke gida ɗaya akwai wanda bai kai makin ba, ya tattara kayansa a watan Mayu.

Abin da yayana bai lissafa ba shi ne kuɗi. Shi a tunaninsa tunda kwaleji ce ai da sauƙi. Eh kuɗin darasin na kwaleji ne, amma ɗaki da abinci farashin jami'a ne, ga kuɗin shirin kansa da aka ɗora, kuma a manyan jami'o'in nan kuɗin ɗaki da abinci na shekara yakan haura dala 10,000 cikin sauƙi. Don haka shirin gada na gayyata ba hanyar rage kashe kuɗi bace sosai, hanyar shiga jami'ar da ta ƙi ka ce ta ƙofar gefe. In kuma daga wata jihar ka fito to farashin baƙo za a caje ka a duka biyun. Wanda yake zaune a New York ya ce zai tura yaro gada a South Carolina ko Texas, gaskiya ni ban ga dabarar ba sai in akwai dalili mai ƙarfi.

Yanzu hanya ta biyu, wadda ita ce mafi yawan yaranmu ke bi. A nan babu wanda ya gayyace ka kuma babu wanda ya ajiye maka gado, amma jihohi da yawa sun rubuta alƙawari a takarda. California ce ta fi kowa tsari a ganina. Kwalejojinta 116 ne, ɗan jiha yana biyan dala 46 a kan kowane kiredit, wato kiredit 30 na shekara bai kai dala 1,400 ba, alhali kuɗin karatu kaɗai a jami'o'in UC, wato University of California, ya haura dala 14,000 a shekara. Suna da shirin TAG wanda jami'o'in UC shida ke ba da tabbacin ɗauka in ka cika sharaɗi: Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz. A lura da kyau babu Berkeley babu UCLA babu San Diego a ciki, su waɗannan sai dai ka nema a yi gasa da kai. A watan Satumba ake cike fom ɗin TAG, shekara guda kafin tsallakawa, kuma jami'a ɗaya tak za ka zaɓa. Ga kuma ADT, ƙaramin digirin tsallakawa da doka ta kawo a 2010, mai tabbatar maka da gurbi a ɗaya tsarin jami'o'in jihar mai suna Cal State, amma ba lallai a reshen da kake so ba. Sannan suna da shafin ASSIST da za ka sa sunan kwalejinka da jami'ar da kake nufa ya nuna maka wane kwas ne ke maye gurbin wane.

Florida ma tun 1971 take da irin wannan yarjejeniya, kuma lambobin kwasa-kwasansu iri ɗaya ne a duk makarantun gwamnatin jihar, abin da ke rage gardama sosai. Shirin DirectConnect na jami'ar UCF da ke Orlando tare da Valencia College da wasu kwalejoji ya tabbatar wa duk wanda ya gama ƙaramin digirin da ya dace gurbi. 'Yan uwanmu na Virginia kuma suna da ADVANCE tsakanin kwaminiti kwalejin NOVA da jami'ar George Mason tun 2018, inda tun kana kwaleji ake ɗora ka a kan jerin darussan digirin da za ka ƙarasa.

Mu a nan New York CUNY ce tamu, wato tsarin jami'ar gwamnati ta birnin. Kwaminiti kwaleji bakwai ne a cikinta, biyu a Bronx, wato Bronx Community College da Hostos, sai BMCC da Guttman a Manhattan, LaGuardia da Queensborough a Queens, Kingsborough a Brooklyn. Wanda ya gama ƙaramin digiri nau'in AA ko AS a ɗayansu yana da tabbacin samun gurbi a ɗaya daga manyan kwalejojin CUNY irin su Lehman da City College da Hunter, sai dai ba lallai wadda ya fi so ba kuma ba lallai kwas ɗin da ya fi so ba. Tun 2013 suka kawo tsarin Pathways wanda ya sa kiredit 30 na darussan gama-gari suna bin yaro duk inda ya koma a cikin CUNY. Akwai ma wasu shirye-shiryen da suka yi kama da gada sosai, kamar Justice Academy mai kai yara babbar kwalejin John Jay, da na injiniyanci tsakanin Hostos da City College.

Amma ga wani abu da ban taɓa jin an faɗa a majalisa ba. A New York bambancin kuɗin ba shi da yawa. Kwaminiti kwaleji dala 4,800 ne a shekara ga mazaunin birni, babbar kwalejin CUNY kuma dala 6,930. Bambancin dala 2,130 kenan a shekara, shekara biyu 4,260. Kuɗi ne, ban ce ba kuɗi bane, amma ba irin na California bane. Sannan iyali mai ƙaramin ƙarfi da ya cike FAFSA, wato fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, tallafin Pell na tarayya yana kaiwa har dala 7,395 a shekara, ga TAP na jiha yana kaiwa 5,665, kuma duka biyun kyauta ne ba bashi ba. Kun ga kenan direban tasi ko mai gadi da ɗansa ya samu Lehman ko City College kai tsaye, mai yiwuwa ko sisi ba zai biya na karatu ba a ko'ina cikin biyun. In haka ne to maganar “mu fara da kwaleji don sauƙi” ta faɗi, sai dai a nemo wani dalilin. Na ga wanda ya hana 'yarsa shiga babbar kwaleji da ta ɗauke ta saboda wannan lissafin da ba a yi shi daidai ba, abin ya dame ni har yau.

Inda kwaminiti kwaleji ke ceton mutum da gaske shi ne in zaɓin da ke gabanka jami'a ce mai zaman kanta ko ta wata jiha, wadda bayan duk tallafi za a bar ka da giɓin dala dubu goma sha wani abu ko ashirin a shekara. Yaro ɗan shekarar farko dala 5,500 kawai gwamnatin tarayya ke ranta masa, ragowar sai a ce uba ya ci bashin Parent PLUS da sunansa, mai kuɗin ruwa da ke fara hawa tun ranar da aka saki kuɗin. Mu da muke gudun riba wannan ba ƙaramar magana bace. Ni dai a kan wannan na tsaya da 'yata. Ta samu wata jami'a mai suna, ta yi kuka da na ce ba zan sa hannu ba, ta ce Baba duk ƙawayena tafiya za su yi ni kaɗai za a bari ina hawa jirgin ƙasa kamar 'yar sakandare. Na ji zafin maganar don na san ta yi ƙoƙari, kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Mahaifiyarta ce ta zauna da ita suka ɗauko takarda da biro suka ninka giɓin sau huɗu, da ta ga lambar da idonta sai ta yi shiru.

Toh amma kada kowa ya ɗauka hanyar kwaleji shimfiɗaɗɗiya ce, don alƙaluman ƙasar nan ba su da daɗin ji. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu shiga kwaminiti kwaleji suna cewa digiri suke nufi, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke tsallakawa jami'a, kuma waɗanda ke riƙe digirin a hannu bayan shekara shida ba su wuce kashi 16 ba. Ba wai don karatun ba shi da kyau bane. Abin da na gani da idona shi ne yaro yana gida, babu wanda ke bibiyarsa, ya samu aikin kai kaya ko na shago yana ganin dala a hannu duk sati, sai ya rage darasi daga biyar zuwa uku, daga uku zuwa biyu, wata simestar ya ce bari in huta in dawo, shi kenan. Mu iyaye ma muna da hannu, don yaron da ke kwana a gida shi ake aika, shi ke kai ƙanne makaranta, shi ke raka Hajiya asibiti ya yi mata tafinta, ba ma ɗaukar karatunsa da nauyin da za mu ɗauki na wanda ya tafi nesa. A nan shirin gada na gayyata ya fi, don can yaro yana cikin sa'o'insa masu buri ɗaya, ga wa'adi a gabansa na shekara ɗaya.

Maganin wannan a New York shi ne ASAP, kuma duk wanda zai sa ɗansa a kwalejin CUNY bai tambayi ASAP ba ya yi asara. Tun 2007 aka fara shi. Sharaɗin shi ne yaro ya yi karatu cikakken lokaci, su kuma su ba shi kuɗin jirgi da bas, su taimaka da littattafai, su cike giɓin kuɗin makaranta ga mai samun tallafi, sannan babban abin, a haɗa shi da mai ba shi shawara guda ɗaya da dole ya riƙa zuwa gani a kai a kai. Cibiyar bincike ta MDRC ta gwada shi ta hanyar ƙuri'a, ta samu kashi 40 na 'yan ASAP sun gama cikin shekara uku, waɗanda ba sa ciki kuma kashi 22. Kusan ninki biyu fa. 'Yata a irin wannan kulawar ta gama cikin shekara biyu cif, matar da ke duba ta har kiranta take yi in ta ga maki ya sauka, ita ce ma ta hana ta ɗaukar wani kwas da ba zai ƙirgu a gaba ba.

Wanda ya dawo da mu maganar kiredit. Ofishin binciken gwamnatin tarayya GAO ya fitar da rahoto a 2017 cewa masu sauya makaranta suna asarar kusan kashi 43 na kiredit ɗinsu in an haɗa kowane irin sauyi, daga kwalejin gwamnati zuwa jami'ar gwamnati kuma kusan kashi 22. Ko wannan ƙaramin ma kusan simesta guda ce ta tafi. Kuma akwai dabarar da ba a gane ta sai an shiga, jami'a za ta ce maka mun karɓi kiredit ɗinka 60 duka, ka yi murna, ashe ashirin daga ciki an jefa su cikin na cike gurbi ne kawai, ba su rage maka ko kwas ɗaya daga na fanninka ba.

Ɗan wani maƙwabcina haka ta same shi. Abokinsa ne ya ce masa ya yi rajistar AAS a harkar kwamfuta wai an fi samun aiki da shi, uban bai san bambancin AAS da AS ba, ni ma a lokacin ban sani ba. AA da AS an gina su ne don tsallakawa jami'a, AAS kuma don fita aiki kai tsaye. Yaron ya yi ƙoƙari ya gama da maki mai kyau, da ya nemi digirin kimiyyar kwamfuta a wata jami'a sai aka turo masa takardar tantancewa, na gan ta da idona a kan teburin falonsu, layi bayan layi an rubuta an karɓa amma ba a fanni ba, ga lissafin kalkulas da bai taɓa yi ba ana jiran sa da shi tun daga na ɗaya, kuma sauran darussan ba sa buɗewa sai an wuce shi. Shekara biyun da ya zata sun rage masa suka koma uku da rabi. Abin da ya fi ciwo shi ne tallafi yana da iyaka, Pell simesta 12 ne a duk rayuwa, TAP kuma simesta 8 ne ga mafi yawan ɗalibai, nasa TAP ɗin ya ƙare kafin ya gama, shekarar ƙarshe da aikin dare ya biya. Uban ya ce min Alhaji da na san tambaya ɗaya ce da na yi ta tun ranar farko.

Amma kada a ce AAS ba shi da amfani. A aikin jinya misali, da shi ake zana jarrabawar lasisi ta NCLEX a zama cikakkiyar nas a fara karɓar albashi mai kyau, sai dai a New York dokar 2017 ta ce sababbin nas su kammala digiri cikin shekara 10 da samun lasisi, kuma da yawa suna ƙarasawa suna aiki. Wahalarsa ita ce shiga kwalejin ba shi ne shiga ajin jinya ba, sai ka yi darussan share fage an tace ku da maki, gurbin kaɗan ne masu nema da yawa.

Jami'a kai tsaye kuma ba sai na daɗe a kanta ba, kowa ya san ta. Ita ce ta fi in tallafi ya rufe kuɗin, kuma ta fi ga yaron da ya san injiniyanci ko likitanci yake so, don darussan a jere suke kamar tsani, ga sanin malamai tun da wuri da shiga ɗakin bincike da samun aikin koyon sana'a na bazara, wanda mai tsallakowa a aji uku sai ya yi gudu kafin ya kamo. Manyan sikolashif ɗin jami'o'i ma 'yan shekarar farko aka fi ba wa, na masu tsallakowa bai kai ba, ko da yake akwai na gidauniyar Jack Kent Cooke mai kaiwa dala 55,000 a shekara ga zaƙaƙuran 'yan kwaminiti kwaleji, amma gasarsa mai zafi ce. Kuma a sani GPA ɗin kwaleji ba ya bin yaro, a jami'a daga sifili ake sake lissafi, simestar farko bayan tsallakawa da yawa makinsu yakan ɗan sauka. 'Yata ma ya sauka, ta ce karatun da ake ba su a sati ɗaya ya kai na sati biyu a da, kafin ta daidaita sai da aka shiga simesta ta biyu. Takardar digirin dai iri ɗaya ce da ta wanda ya fara can, babu inda aka rubuta ta ina ka shigo.

Akwai abin da mu iyaye muke ɓoyewa a cikin maganar kuɗi, musamman a kan 'ya'ya mata, shi ne ba ma son su kwana a makaranta. Ni ma ina da wannan damuwar kuma ban ga abin kunya a cikinta ba, maganar sallah da abincin halal da irin abokan zama duk gaskiya ne. Amma a faɗa wa yarinya gaskiya, kada a ce mata babu kuɗi alhali ta ga takardar tallafi ta san akwai, don daga ranar ta daina yarda da kai. Ɗaya ɓangaren kuma su yaran kunya suke ji, a sakandare ana liƙa sunayen jami'o'in da kowa ya samu a bango, wanda zai je kwalejin unguwa sai ya sunkuyar da kai, mu kuma mu ƙara masa da cewa ɗan wane ya tafi kaza. Wannan kunyar ce ke sa wasu su yi rajista ba da zuciya ɗaya ba.

Yaran da suka zo ba da jimawa ba, musamman na Nijar da suka yi boko da Faransanci, ni shawarata kada a yi gaggawar sa su cikin darasi su riƙa cinye tallafinsu a koyon Turanci. CUNY tana da shirin CLIP, awa 25 a sati na Turanci zalla da kuɗi kaɗan kuma ba ya taɓa Pell ko TAP. Wanda ba shi da takardun zama amma ya yi sakandare a New York ya tambayi dokar DREAM ta jiha ta 2019, tana buɗe masa TAP. Masu bizar karatu ta F-1 kuwa lissafinsu daban ne gaba ɗaya, babu FAFSA, farashin baƙo za su biya, dole kiredit 12 duk simesta, kuma ƙarin shekara biyu na izinin aiki da ake ba wa 'yan kimiyya da fasaha sai mai cikakken digiri, ƙaramin digiri ba ya samu.

In ka tambaye ni zaɓi, ga yadda nake yi. In jami'ar gwamnati ta jiharku ta ɗauki yaro kuma tallafi ya rufe ko ya kusa, ya tafi kawai. In sai an ci bashi mai nauyi, ko yaron bai san abin da yake so ba tukunna, ko makinsa na sakandare bai nuna ainihin ƙoƙarinsa ba, to kwaleji, amma da sharaɗi uku da ba na sassautawa: cikakken lokaci, AA ko AS da ya dace da fannin, kuma a cikin shiri mai bibiya irin ASAP. Gada ta gayyata kuma sai in a jiharku take, kuna iya biyan ɗaki ba tare da bashi ba, kuma yaron shi da kansa yake mutuwar son wannan jami'ar, don son ne zai riƙe shi ranar da lissafi ya yi tsauri.

Mutumin da ya nuna min wayarsa Juma'ar da ta wuce gayyatar gada ce ɗansa ya samu, kuma injiniyanci yaron ke so. Na karanta wasiƙar sau biyu a tsaye bakin ƙofar masallaci, ta ce an tabbatar masa da shiga jami'ar, amma ko sau ɗaya ba ta ambaci sashen injiniyanci ba. Na ce masa Malam kada ka biya kuɗin kama gurbi tukunna, kana da har 1 ga Mayu. Mun yi da shi ranar Litinin bayan ya tashi aiki zai zo da yaron mu rubuta musu imel mu tambaye su tabbacin na jami'a ne kawai ko har da sashen, wane GPA sashen ke nema, kwasa-kwasan shekarar farko guda nawa ne za su ƙirgu a fannin, kuma in bai kai makin ba a watan Mayu akwai damar gyarawa da bazara ko babu. Na ce ya taho da takardar tallafin duka makarantun biyu da ta harajinsa ta bara.